Sai An Yi Maka Jana'iza Tukuna

Ni karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma ilimin waliyyan Indiya kyauta na same shi, a nan ƙasar waje, a wani gidan mai da ke hanyar garin McLeansville inda na yi shekaru ina share-share. Mai wurin Ba'indiye ne. A bayan kanta ya rataya hoton wani tsoho mai gemu, sunansa har layi biyu. Na tambaye shi ko mutum ɗaya ne ko ƙungiya. Ya ce kowace gunduwa ta sunan da nauyinta: Suwami shi ne wanda ya mallaki zuciyarsa, Maharaj babban sarki ne, ko da takalmi ba shi da shi. Kuma mutum ba ya raɗa wa kansa. Sai ya bar gida da dangi, an yi masa jana'iza yana tsaye da ransa, sannan malaminsa ya ba shi sabon suna.

Na ajiye maganar a kumatu kamar goro.

Ina da aboki, ɗan garinmu daga Filato, tsohon direban babbar mota. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa da Turanci suke amsa masa, in ma sun amsa. Sai ya buga kati: Dattijo, Dokta, Jakadan Salama. Burinsa ɗaya, a kira shi haka gaban jama'a ranar godiyar kaka a cocinmu. Tunda ni ke riƙe lasifika, ya zo ya roƙe ni, har da tsarabar kilishi.

Na cinye kilishin. Da ranar ta zo na ɗaga katin, na karanta dalla-dalla, na kwashe labarin Indiya tsaf na ba jama'a. Sannan na juya gare shi.

"Ranka ya daɗe, Dokta, sharaɗi ɗaya ya rage. Yanzu za mu yi jana'izar, ko sai an ci abinci?"

'Yan zumuntar mata har da riƙe ciki. Ya yi murmushi, ya karɓi katinsa ya sa a aljihu. Shinkafar ma bai taɓa ba. Daga ranar ya koma kujerar baya, bakin ƙofa, yana fita kafin a gaisa.

Da ya rasu, 'ya'yan suka zo tambayata abin da za a rubuta a takardar jana'iza, don su kam da "Dadi" kawai suka san shi. Na ba su sunayen katin duka ukun, na ce a buga da manyan baƙaƙe. Ai ya cika sharaɗi.