Ranar Da Muka Kai Inna Kogi

Shekarar da na haifi 'yata ta biyu, Inna ta zo Kuala Lumpur yi mini zaman jego. Babanmu ya riga ya rasu, gidanmu na Yawuri daga ita sai kaji, don haka tun da ta sauka na ƙudura a raina ba za ta koma ba. Maigidana yana koyarwa a wata jami'a, muna zaune a wani dogon bene a unguwar Setapak, ga ɗaki guda ba kowa. Duk sanda na yi mata maganar sai ta ce, "To, mu ga abin da Allah zai yi." Duk wanda Inna ta haifa ya san wannan a'a ce ta yafa mayafi.

Da arba'in ta wuce, ranar tafiyarta ta matso, maigida ya ce mu kai ta yawo a jirgin ruwa, a wani kogi can bayan gari. Inna 'yar bakin ruwa ce, ta tsufa tana tsallaka Kwara a kwalekwale da kwandunan bandar kifi duk ranar kasuwa. Dabararmu ita ce ta ga nan ma akwai kogi.

Jirgin hawa biyu ne. Ƙasan an kewaye shi da gilashi, na'ura na hura sanyi har cikin ƙashi, tebura sun sha fararen ƙyallaye. Akwai banɗaki da famfo da sabulu mai ƙamshi, a baya kuma ga ɗan ɗakin salla. Wata ma'aikaciya ta nuna mana yadda ake sa rigar hana nitsewa, Inna ta kalle ta kamar mai kallon wasan yara. Ta tambaye ni ina ake zuba kaya, na ce ba a ɗaukar kaya. Ta ce to ina za a kai mutanen nan? Na ce ba ko'ina, zagayawa za mu yi mu dawo nan ɗin. Ta dube ni, ta gyara zama.

Tun ina yarinya, in Inna ta shiga jirgi sai ta tsoma hannu a ruwa ta shafa a fuska da bisimilla. Nan kuwa ruwa na can bayan gilashi. Ta tashi ta shiga banɗaki, ta fito da hannu a jiƙe.

Da azahar aka jera abinci, kowa ya ɗibi son ransa: shinkafa dafaffiya da madarar kwakwa, kaza, jatan lande, kifi cikin miyar yaji, kankana. Abin da ba mu lissafa ba shi ne teburin na mutum huɗu ne, kujerar Inna na kallon ta surukinta, ita kuwa ba ta taɓa kai loma a gabansa ba. Ta ce ba ta jin yunwa. Maigida ya ɗauki farantinsa, ya haye sama inda rana ke gasa masu ɗaukar hoto, ya ci shinkafarsa a tsaye yana gumi. Yana ficewa Inna ta janye mayafi ta ci ta ƙoshi, har ta ce a yi mata tapau, wato a ƙunsa mata saura, kalma ɗaya ke nan da ta koya a ƙasar. Raina ya yi fari, na ce tarko ya kama.

Bayan salla muka hau sama. Ta zauna tana kallon itatuwan kwakwa da birai da wani masallaci a bakin ruwa, daga baya gyangyaɗi ya kwashe ta.

Da la'asar jirgi ya dawo inda ya tashi. Wani ma'aikaci ya ɗaure igiya, mutane suka fara sauka, kowa ya duƙufa a kan wayarsa yana kiran mota. Inna ta tsaya riƙe da ƙarfen jirgin. Na gyara goyona na matsa kusa da ita.

"Inna, kin ga nan ma akwai kogi. Ki zauna da mu mana."

"Jirgi kam ya yi kyau, 'yar nan," in ji ta. "Amma dubi gaɓa. Ba wanda ya zo tarye. A can, ko da hannu wofi na dawo, kafin in sa ƙafa ƙasa wani ya ce mini sannu da ruwa."

Maganar ta yi mini ciwo, don gaskiya ce. Na dubi gaɓar, ga mutane cike, babu fuskar da na sani. Na yi shekaru a garin ina sauka daga bas da jirgin ƙasa haka nan, ban taɓa lura ba sai ranar.

Ban sake yi mata maganar zama ba. Washegari na fito da akwatinta, na fara jera mata tsaraba.