Matar da Ke Tsayawa a Tagar Aji Huɗu

Jiya da hantsi wata mai tallar nono ta sauke ƙwaryarta a ƙofar gidana, ta ɗaga faifai, ƙamshin man shanu ya bugi hancina. Na tsaya riƙe da kwano kamar wadda aka dasa, sai da ta yi mini magana sau biyu sannan na dawo hayyacina. Ni ba mai tsoro ba ce, kowa ya san ni, ko ɓera ya shigo ɗaki ni ake kira. Amma ƙamshin nan ya mayar da ni wani aji mai taga ɗaya, a wata damina, kuma har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Ƙauyenmu yana tsakanin Tudun Wada da Doguwa, nesa da kwalta. Babana ne hedimastan firamaren garin. Aji shida ne, malamai uku, shi na huɗu, kullum yana zarya tsakanin ofis da allo. Makarantar tana bayan gari, gonakin masara sun kewaye ta. In damina ta yi nisa masarar kan fi mutum tsawo, sai ka ji motsin mai tahowa tun kafin ka gan shi. Wata siririyar hanya ta ratsa gonakin ta bi ta gindin tagar aji huɗu, ita matan ruga ke bi su shigo gari da nono. Shekarar da nake ba ku labari ina aji huɗu, kuma bencina ne a jikin tagar.

A farkon daminar aka turo mana sabon malami. Babana ya yi murna kamar an yi masa kyautar sa. Ya sa hannu a takardar kama aiki a tsaye, ko zama bai yi ba, ya jefa fayil ɗin a durowa, ya miƙa masa ajinmu. Mutumin dogo ne, mai tsafta, ba ya duka, ba ya tsawa. Sai dai karatun nasa, kai jama'a! Littafi yake buɗewa ya kwafe a allo, mu kwafe a namu, shi ke nan. In ka yi tambaya ya ce ka ajiye ta sai gobe, goben kuwa ba ta zuwa.

Wani abu kuma da muka lura da shi, mu yara da sa ido: ba ya amsa sunansa da wuri. Al'adar makarantarmu, in malami ya shigo sai mu miƙe mu rera gaisuwa, mu haɗa da sunansa, da ƙarfi har ana ji daga masallaci. Makon farko in muka rera sai ya waiga bayansa, kamar akwai wani da ya biyo shi. Muka riƙa dariya a ɓoye. A hankali ya saba, har ya zama kafin ka rufe baki ya ce na'am.

Wata safiya ana yayyafi, mun gama rera gaisuwa ke nan, na ji ƙamshin man shanu daf da kunnena. Na juya. Wata tsohuwar Bafillatana ce tsaye a taga, ƙwarya a kanta, ruwa na ɗiga daga gefen faifan. Na san ta. Goggon ruga muke ce mata, ƙawar kakata ce, ita ke kawo mana kindirmo. Amma ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ba ta kallon malam, ba ta kallonmu. Kunnenta ta karkato, kamar mai sauraron tahowar wani daga nesa. Da ajin ya yi shiru sai ta juya ta shige cikin masara.

Washegari ta dawo. Wanshekare ma haka. Kullum daidai lokacin gaisuwa za ta fito daga cikin masara ba tare da ko ƙarar takunta ba, ta tsaya, mu rera, ta tafi. Ba ta sallama, ba ta tayin nono. Yara suka fara cewa mayya ce, kurwar malam take so. Wadda muke zama tare ta tattara littattafanta ta koma baya, aka bar ni ni kaɗai a bencin. Malam kuwa in ya hango ta sai alli ya riƙa karyewa a hannunsa. Wata rana ya rufe tagar, ajin ya yi duhu, amma muna ganin inuwar ƙwaryarta ta tsagar katako.

Ran nan ta yi mini magana, a hankali, da Hausarta mai gargada. "'Yar nan, wa kuke kira?" Na faɗa mata sunan. Wallahi sai ta kawar da kai da sauri ta ja mayafi ta rufe baki, yadda amarya ke yi in an ambaci mijinta. Na koma gida na kasa cin tuwo, har kakata ta titsiye ni na ba ta labari.

Kakata tana tsince wake a lokacin. Ta ajiye faifan. Sannan ta gaya mini abin da ban sani ba. Goggon ruga tana da ɗan fari, shi kaɗai ne a rugarsu ya yi boko har ya gama kwalejin horon malamai. Mutanen gari da laƙabinsa na Fillanci suka san shi, sunan yankansa kuwa sai irin su kakata da suka ci tuwon sunansa. Da ya gama karatu ya kai takardunsa na asali wurin wani mai hanya a birni don ya samo masa aiki, aka ce ya jira. Yana cikin jira, damina biyu da suka wuce, ruwa ya cinye shi a rafi yana ƙetarar da shanu. Sunansa ɗaya da sabon malaminmu. Uwar kuma, kun san alkunyar ɗan fari, tun da ta haife shi bakinta bai taɓa furta sunansa ba. In za ta kira shi sai ta ce "kai wannan". Yanzu ga yara arba'in suna rera mata sunan kowace safiya.

Suna dai ba na mutum ɗaya ba ne, babana ma haka ya ce da kakata ta tare shi da maganar. Ita ma kakata ba ta faɗar sunan babana, shi ne nata na fari, sai dai ta ce masa Hedimasta cikin gatse. "Hedimasta," ta ce, "ka buɗe takardar nan ka karanta, ko kuwa ka karɓi mutum ne kamar buhun taki?" Babana ya tashi ya fita. Da la'asar ya dawo da fayil ɗin a hammata, ya zauna a tabarma yana juya shi. Ina gefe ina leƙawa. Garin haihuwa da aka rubuta, unguwar da rugar take ce, mutumin kuwa ko hanyar rafi bai sani ba, ko gaisuwar Fillanci ba ya ji. Hoton kuma an liƙa shi a kan gurbin wani, rabin hatimin yana kan takarda, ɗaya rabin babu.

"Kayan aro ba ya rufe katara," in ji kakata, ta tashi ta ba shi wuri.

Ga inda gizo ke saƙar. Wata uku sun kusa cika, kuma sai babana ya sa hannu a takarda ta biyu kafin a tabbatar da malam a aiki. Mutumin yana da uwa a gindin murhu, ƙanin matar wani babba ne. Da babana ya rubuta ƙorafi, amsar da ta zo ta baki ce: ya sa hannu ya zauna lafiya a garinsu, ko ya ƙi a tura shi inda ko babur ba ya zuwa. Babana yana da uwa tsohuwa, da gona, da mu bakwai. Kwanakin nan ya rame. Ya daina wasa da mu, in an kai masa abinci sai ƙudaje su riga shi. Ni dai a raina ina roƙon Allah ya sa hannun, ba zan ɓoye muku ba. Ina ruwana da takardar mamaci, ni ubana nake so a gida.

Ranar wata Talata mai duba makarantu ya zo a kan babur, da takardar a jakarsa. Hadari ya haɗu tun safe amma ya ƙi zuba, gari ya yi duhu-duhu, ko ganyen masara ba ya motsi. Aka fito da benci a barandar ajinmu. Babana ya aika aka kira Goggon ruga, kakata ta rako ta. Malam yana cikin aji tare da mu, wai yana rubutu a allo, amma layi ɗaya yake ta gogewa yana sakewa. Ta ƙofa ina ganin kowa.

Mai duba makarantun ba baƙo ba ne a ƙasar nan, ya san abin da yake yi. Ya gaishe ta da ladabi, ya ce magana ba ta da wuya. Suna uku ne a takardar, na yaron, da na ubansa, da na kakansa. Yara sunan farko kawai suka sani. Ita ba ta karatu. In ɗanta ne, ta faɗi sunayen uku a jere da bakinta, ba kakata ba, ba kowa ba. In ta kasa, a rufe magana, hedimasta ya sa hannu. Ya faɗa yana murmushi, don ya san abin da ya nema: sunan ɗan fari, da na miji, da na suruki, a bakin Bafillatana, a gaban maza.

Kakata ta ce, "Kai, ka ji tsoron Allah!" Babana ya sunkuyar da kai. Goggo ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga cikin aji ƙarar allin malam kawai ake ji. Mai duba makarantu ya zaro biro ya miƙa wa babana.

Sai Goggo ta sauke ƙwaryarta a ƙasa. Ta miƙe, ta juya wa mutanen baya, ta fuskanci gabas inda rafin yake. Ba faɗar sunan ta yi ba, kiransa ta yi. Ta ɗaga murya yadda ake kiran wanda ke wancan ƙetaren, ta ja sunan, ta haɗa da na uban, ta haɗa da na kakan. Muryar ta fito a shaƙe kamar ta wanda ya daɗe bai yi magana ba.

Daga cikin ajinmu malam ya ce, "Na'am."

Ba da gangan ya yi ba, bakinsa ne ya saba. Na ga ya toshe bakin da hannu, alli ya faɗi. Amma Goggo ta ji. Ta juyo a firgice, fuskarta ta washe, ta yi taku biyu zuwa ƙofar aji da hannuwanta a buɗe. Wallahi tallahi a wannan ɗan lokacin ta ɗauka shi ne. Ta leƙa ta ga dogon mutumin nan a jikin allo. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan hannuwan suka sauka, ta ce, "Ba kai ba." Wata yarinya a bayana ta fashe da kuka, ajin duka ya ɗauka. Ni ban yi kuka ba, fitsari ne ya kuɓuce mini, kuma ban ji kunya ba.

Babana ya buɗe fayil ya duba, ko da yake ba ya bukatar dubawa. Ya mayar wa mai duba makarantu bironsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zan sa ba." Kafin azahar malam ya hau bayan babur ɗin, ko sallama bai yi mana ba. Goggo ta ɗauki ƙwaryarta ta shiga masara. Daga ranar ta canza hanya, kuma ko gidanmu ba ta ƙara shigowa ba, don ba ta iya haɗa ido da waɗanda suka ji ta.

Kafin a karye masara takardar canjin babana ta iso. Aka tura shi wani ƙauye a bakin daji, can ƙuryar Doguwa. Shekara shida ya yi, yana zuwa gida sau ɗaya a wata in rafi ya bari. Kakata ta rasu ba ya nan, sai kabarinta ya tarar. Na daɗe ina jin haushinsa, na daɗe ina jin haushin Goggo, Allah ya yafe mini.

Yau ni ce ke zama a teburin ɗaukar malamai a wata makarantar al'umma. Zamani ya canza, ana dangwala yatsa, ana duba sakamako a waya. Amma 'yar takardar manya ba ta daina zuwa ba, yanzu ma ta waya take shigowa, da gaisuwa mai daɗi a samanta. Abokan aikina suna ce mini mai taurin kai, wai ina ɓata rana guda a kan fayil ɗaya, kuma sai na sa mutum ya tsaya gaban allo ya koyar na gani. Su faɗa, bakinsu ne.

Kafin babana ya rasu na tambaye shi ko ya taɓa nadamar ƙin sa hannun nan. Yana kwance, ya girgiza kai. Ya ce ba na biyun ke damunsa ba, na farkon ne, wanda ya sa a tsaye. "Da na zauna na karanta a ranar," in ji shi, "da matar nan ta shiga kabari da kunyarta. Shekara ashirin da biyar tana riƙe da sunan nan, ta kashe shi a kira ɗaya saboda sakacina, kuma wani ne ya amsa."