Makin Yurani da Tekun Gwaggo Ofelia

Yurani 'yar gwaggona ce, abokiyar wasata, kuma tun muna yara a Soacha, wani gari a gefen Bogotá, nake ce mata Aku, don in ta buɗe baki har rediyo shiru yake yi ya saurara. Ni makaranta ta gaji da ni da wuri, na hau babur ina kai wa mutane abinci gida-gida. Ita kuwa ta haɗiye littattafai, ta iya Turanci, ta samu aiki a wani kamfani da ke arewacin Bogotá, masu sayar da tikitin jirgi da ɗakin otal ta waya.

Aikinta shan zagi. Duk wanda jirgi ya tashi ya bari, ko ya isa otal aka ce ba a san da zuwansa ba, Yurani zai kira. Na rantse rabin mutanen ƙasar nan sun zage ta, sauran rabin suna kan layi suna jira. Amma tana da doka guda da babu wanda ya kafa mata: ba ta kashe wa mutum waya sai ta ga ya samu wurin kwana ko kujerar jirgi.

"Aku," in ce mata, "kin san ƙofar kowane otal a duniya, amma filin jirgi ta tagar bas kika san shi."

"Kai da kake yawo, Wílmer, me ka taɓa kawo mana ban da tarar 'yan sanda?"

Da kamfanin ya fara tangal-tangal sai aka daina ƙarin albashi. A maimakonsa, duk Disamba, bayan an ci buñuelo, wani irin ƙosai mai cuku, an rera waƙoƙin Kirsimeti a ofis, sai a zuba wa kowane ma'aikaci maki a asusunsa na kamfani. Makin nan ba ya sayen shinkafa, ba ya biyan haya. Tikiti da otal kawai yake saye. Abokan aikinta da an zuba suke cinyewa, a je wani gari mai zafi a kwana biyu a dawo da baƙin hanci. Yurani tarawa take yi, saboda uwarta.

Gwaggo Ofelia ta ƙare ƙuruciyarta a wanki da guga a gidajen masu hali, ba ta taɓa ganin teku ba, ga sanyin garin nan ya zauna mata a ƙirji, tarinta har maƙwabta sun san lokacinsa. Yurani ta yi mata alkawarin Santa Marta, garin bakin teku: a jirgi, mako guda cur, a ɗakin da tagarsa ke kallon ruwa.

Na sha ce mata, "Ki kai ta bana mana, ko a ƙaramin ɗaki ne."

"Uwata ta gama kallon bangon mutane. Saura kaɗan makin ya isa."

Ranar da abin ya faru tana aiki daga gida, ni kuma na biya cin abincin rana, don ƙafata ta san lokacin da miyar dankalin Gwaggo ke nuna. Yurani na kan tebur da abin sauraro a kunne, wayarta ta hannu sai ruri take yi. Na ɗauka. Duván ne, wanda suke zama kusa a ofis, yana haki kamar kare ya biyo shi.

"Ana kora! Suna rufe asusun mutane ɗaya bayan ɗaya. Ka ce mata ta kashe makinta yanzu-yanzu, ni har surukata na saya wa tikiti."

Na je na tsaya a kanta na faɗa mata. Ta toshe bakin abin maganar da hannu, fuskarta ta yi fari.

"Akwai mutum a layi. Na'urar ba ta barin in buɗe nawa asusun sai an gama kira."

"To ki kashe!"

"Dattijo ne a filin jirgin Lima, matarsa a keken marasa lafiya, an soke jirginsu."

"Ke Aku, dattijon nan ubanki ne? Uwarki ga ta can a kicin!"

Ta harare ni, ta ɗage hannunta, ta koma muryarta ta aiki. "Ina jin ka, ranka ya daɗe, kada ka damu, ina tare da kai." Na so in fizge wayar wutar. Ta taka igiyar da ƙafa. Haka na tsaya ina kallo tana nema musu jirgi, da otal mai hanyar keke, da motar da za ta ɗauke su. Tsohon ya yi ta sa mata albarka, albarkar da in da ana sayen tikiti da ita da dukan Soacha mun je mun dawo. Yana ajiye waya ta danna asusunta. Allon ya yi fari, ya rubuta cewa ba ta da izinin shiga.

Da yamma shugaban kamfanin ya bayyana a bidiyo, ya ce zuciyarsa ta karye, ya ce mu iyali ɗaya ne. Ni ban ga karaya ba, gemunsa ma a gyare yake. Da Yurani ta tambayi ofishin ma'aikata makinta, aka ce maki kyauta ce ga ma'aikaci, ita kuwa tun azahar ba ma'aikaciya ba ce.

Ba a jima ba labari ya fito cewa a watan da aka yi korar, manyan sun raba wa kansu kuɗi masu kauri, wai na riƙe su don kada su gudu su bar kamfanin. Kuɗin da in aka mai da su tsabar peso aka zuba a tekun, da ƙafa za a taka a haye. Na faɗa wa Yurani haka don ta yi dariya. Ba ta yi ba, ba ta kuma rama ba. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Yanzu kullum da safe tana fita neman aiki, ta tarar da tsofaffin abokan aikinta a layi ɗaya da ita. Ta rame, maganarta ta ragu. Na ce zan ɗora Gwaggo a babur in kai ta, amma ni ma na san ƙirjinta ba zai iya hanyar ba.

Gwaggo ita ke rarrashinta. "Bar shi, 'yar nan, ruwa ne fa. Na ga ruwa a bahon wanki har ya ishe ni."

Amma shekaranjiya da Yurani ta fita, Gwaggo ta jawo wata leda daga ƙarƙashin katifa. Rigar shiga ruwa ce mai furanni, sabuwa, da hular rana. Ta miƙo min, tari ya sarƙe ta, ta jira ya lafa.

"Wílmer, kai da kake zaga gari, ka mayar wa mai shagon, ko rabin kuɗin ya ba ka. Kada ka bari ta gani."