Shirun da ke cikin faifan Hajiya Sa'adiyya

Ban taɓa mantawa da ranar da kiɗa ya tashi muna tsakiyar sallah ba. Har yau in na ji ƙamshin man zafi haɗe da turaren wuta, ɗakin nan na unguwar Hindawiyya nake gani.

Shekarata ta farko ce a kamfanin jinyar gida, ina mataimakiya, matsayi mafi ƙasa. Mushrifarmu, wato shugabar da ke raba mu gidaje, ta sha faɗa mana: ƙorafi ɗaya daga iyalin majinyaci ya isa a sallame ki. Aka tura ni wurin Hajiya Sa'adiyya, wadda shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana.

Wadda na gada ta nuna mini wani faifai. "Bayan azahar ki kunna mata. In ya yi shiru ki kashe, khalas, shi ke nan."

Kiɗan jita ne zalla na wani Bature da ya bar ƙungiyarsa ya yi faifai shi kaɗai. Babu waƙa ko ɗaya. Kiɗa na farko kamar ruwa na ɗiga a randa. Na biyu yana ɗingishi, in kika bi shi da ƙafa sai ya ɓace miki, kuma a nan Hajiya kan ɗan yi murmushi. Na ƙarshe dogo ne, tsirkiya ɗaya tana kira tana jira, ba mai amsawa, har ta gaji. Nan nake kashewa. Na ɗauka kewa ce duk abin da faifan ke faɗi.

Ranar Alhamis babban ɗanta, Ustaz Usman, kan zo ya ja ta sallar la'asar, tana bi da ido. Malami ne, an ce ko ƙarar wayar da ke da kiɗa ba ya bari a gabansa. Ran nan faifan na yin shiru Hajiya ta ƙware da ruwa. Kafin in gama bubbuga mata baya Ustaz ya yi sallama. Na manta ban kashe ba.

Muna raka'a ta biyu, ina bayansa, sai jitar ta fashe. Ashe shirun ba ƙarshe ba ne. Ta dawo da ganguna, tana kururuwa kamar wanda aka toshe wa baki ya samu ya ƙwace. In katse sallah? In tsaya? Fatiha ta ɓace mini, ba na ganin komai sai fuskar mushrifa. Na ga kafaɗun Ustaz sun ƙage. Bai yi sauri ba. Haka muka yi ruku'u da sujada cikin wannan tsawa, har ta sauko a hankali ta koma wani sauti mai taushi.

Da ya sallame bai juyo ba.

"Ya binti, 'yata, kullum a shirun kike kashewa?"

"Eh, Ustaz. Ma'alesh, a yi haƙuri, wallahi mantawa..."

"Ummi," ya ce, "kin ji?"

Hawaye na bin kuncin Hajiya. Ya share mata da gefen gutrarsa, ƙyallen da ya yafa a ka, ya fita.

Kwana uku duk wayar da ta shigo sai in ɗauka ta kora ce. Mushrifa ba ta kira ba. Daga nan na fara barin faifan ya kai ƙarshe, ni da Hajiya muna jiran tsawar tare.

Ku sababbin masu jinya, abin da kuka tarar a ɗakin majinyaci ku tambayi asalinsa. Umarnin da kuka gada ma ku tambaya. Ni tsoro ya hana ni.

Sai bayan rasuwar Hajiya 'yarta ta faɗa mini. Faifan na autansu ne, wanda ya rasu a haɗarin mota a hanyar Jidda. Ustaz ya taɓa fasa masa jita a tsakar gida. Shi ne kuma ya je ya ciro faifan daga cikin motar, ya kawo wa uwarsu, bai taɓa iya sauraronsa ba.