Ruwan Daɗi a Ramin Abhur

Shekara goma sha tara ina tuƙa dattijon nan kafin ya sayi fili a Abhur, unguwar bakin teku a Jidda. Shi ne kafilina, wato mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar, sunansa ne a kan iƙamata, takardar izinin zamana, kuma ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Amma ni mutum ne mai zargi, na sani, ba sai an gaya mini ba. Tun muna Sudan mahaifiyata take cewa ko shayi aka miƙo mini sai na leƙa gindin kofin kafin in kurɓa. Saboda haka ranar da ya dafa kafaɗata a mota ya ce, "Ya waladi, sabon gidan nan da ku za mu koma, kai da iyalinka," na yi godiya har da sunkuyar da kai. A zuciyata kuwa tambaya ɗaya ce: a ina zai ajiye mu?

Lokacin muna zaune a unguwar Bani Malik, ɗaki ɗaya a hawa na huɗu, kuma ƙafarka ce ke kai ka. Matata tana da ciwon ƙirji. In ta hawo matakala sai ta zauna sau biyu a hanya, in kuma ɗaki ya yi danshi numfashinta ya dinga shewa ke nan. Da na gaya mata maganar dattijo ta yi murna har ta fara zaɓen labule. Ni ban yi ba.

Mai zanen gidan wani muhandis ne, wato injiniya, mai yawan murmushi, kuma ni mai yawan murmushi ba ya kwanta mini. A kujerar baya suke zama shi da dattijo in muna hanyar fili, su yi ta magana kamar motar ce ke tuƙa kanta. A nan na ji hanyoyi ukun da ya kawo na kafa gidan. Ko a shimfiɗa siminti mai kauri a kan ƙasa a ɗora gini a kai, abin da suke kira labsha. Ko a ɗaga gidan a kan gajerun ginshiƙai a bar sarari a ƙarƙashi, wanda mai gyaran famfo sai ya yi rarrafe zai shiga. Ko kuma a haƙa ƙasa sosai a yi hawa guda a cikinta, wato badrum. Na biyun dattijo bai ma bari an gama bayaninsa ba. Ya ce shi ba zai gina wa kuliyoyin Abhur masauki su haihu a ƙarƙashin gadonsa ba. Saura biyu, kuma muhandis sai tura shi yake wajen badrum.

Ni na san badrum. Na san wani direba ɗan garinmu da aka ba shi ɗaki a irinsa, tagarsa daidai tayar mota, bangon kullum yana zufa. Shekarar da aka yi ruwa mai yawa a Jidda, katifarsa a kan ruwa ya same ta tana yawo. Masu gida suna sama, ko takalminsu bai jiƙe ba.

Wata rana muhandis ya manta takardun zanen a mota. Na buɗe su a kan sitiyari. Ban iya karatun zane ba, amma na gane shafin da ke da matakala mai gangarawa ƙasa, kuma a kusurwarsa na ga wani ɗan ɗaki da banɗaki a manne. Na ce to, ga shi nan. Ga ladan shekara goma sha tara. Daga ranar duk abin da dattijo ya yi sai in ga da manufa. Ya ba ni dabino, na ce toshiyar baki ce. Ya tambayi jikin matata, na ce yana auna ko za ta jure ne. Abin da ban yi ba shi ne in buɗe baki in tambaye shi. Direba ba ya tambayar kafilinsa ina za a kwantar da shi, haka na tashi na gani, kuma gaskiya ina tsoron amsar.

Dattijo mutumin zamanin da ne, bai yarda da takarda ba sai ya gani da idonsa. Muhandis ya ce akwai masu gwajin ƙasa da za su zo da na'urarsu. Dattijo ya ce su zo, amma kafin nan a haƙa masa rami mai zurfi a tsakiyar filin, a bar shi kwana uku. In ruwa ya tsattsafo, babu badrum, halas. Motar haƙa ta zo ranar Talata, ta yi rami fiye da tsayin mutum biyu, har ta tarar da farin dutsen nan mai tauri. Laraba na leƙa, a bushe. Alhamis na leƙa, ɗan danshi ne kawai a gefe ɗaya. Haushi ya kama ni. Teku ga ta nan ana jin ƙamshinta, amma ramin ya ƙi kawo ruwa.

Ina da aboki, shi ma Bahaushen Sudan, mai tuƙa wayit, motar tankin da ke kai wa gidaje ruwa. Bayan sallar Juma'a, lokacin da ma'aikata ke hutu kuma rana ta kori kowa daga titi, na ja shi zuwa filin.

"Ya zol, kana da hankali kuwa?" in ji shi. "Ruwan mutane zan zuba a rami?"

"Kaɗan za ka zuba. Yalla, kafin wani ya fito."

Ya saki tiyo yana girgiza kai. Muka bar ruwa ya kai kamar gwiwa, na watsa busasshiyar ƙasa a kan sawun taya da inda ya fantsama. Har na yaba wa kaina.

Bayan la'asar na ɗauko dattijo. Ya tsaya a bakin ramin ya daɗe yana kallo. Sai ya ce in ɗaura gwangwani a igiya in ɗebo masa. Na ɗebo. Ya zuba a tafin hannu, ya shafa a fuska har leɓe, na ɗauka zafi ne ya dame shi. Ya juyo ya kalle ni. Ni kuma na gyara murya na ce, "Ya ammi, ka ga ikon Allah, jiya fa babu."

"Na gani," ya ce.

Na mayar da shi gida. Washegari ya kira muhandis ya ce labsha za a yi. Muhandis ya yi ta roƙo a jira masu gwaji, dattijo ya ce ya gama magana. Na koma gida na ce wa matata Allah ya tsare mu, ashe filin ruwa ne a ƙasansa. Ta ɗaga hannu ta yi hamdala.

Gini ya ɗauki fiye da shekara. Ina kallo aka zuba siminti, aka ta da bango, aka yi hawa na biyu. A gefen da ke kallon titi, inda iskar teku ke shigowa, aka yi wani wuri mai faɗi da babbar ƙofa. Na yi ta zagaya gidan ina neman namu ɗakin. Ban gani ba. Sai wani ɗan ƙuƙumin ɗaki a bakin ƙofa, wanda ko gado biyu ba zai ci ba, na zaman direba da rana. Zargina ya dawo sabo: ashe dama ba shi da niyya.

Ranar da aka kwaso kaya, na shigar da mota wurin nan mai faɗi na kashe. Dattijo bai fita ba. Ya ce daga baya, a hankali, "Ka san nan ina ne?"

"Garejin mota, ya ammi."

"A zanen farko motoci a ƙasa suke, da ɗakin ajiye kaya. Nan ɗaki biyu ne da madafi, ƙofarku daban, babu matakala ko ɗaya saboda matarka. Da aka fasa badrum, mota ba ta da wurin zuwa sai nan."

Na ce, "Ai ruwa ne ya hana."

"Ya waladi, a garin nan aka haife ni. Ruwan ƙasar Abhur gishiri ne, ko akuya ba ta sha. Wanda ka ɗebo mini ruwan daɗi ne, har da ɗan warin maganin tanki."

Ni da na girma a bakin kogi, inda duk ramin da ka haƙa ruwan sha yake ba ka, ko sau ɗaya abin bai zo mini a rai ba. Na riƙe sitiyari da hannu biyu. Na ce me ya sa bai faɗa ba a ranar.

"Kai me ya sa ba ka tambaye ni ba? Na jira ka har gida, na jira ka washegari. Mutumin da ya gwammace ya cika mini rami da ya yi mini tambaya ɗaya, na ga gara mu ci gaba da kwana nesa da juna." Ya buɗe ƙofa ya fita, ya ce gobe bakwai da rabi.

Bai kore ni ba, bai taɓa iƙamata ba, bai kuma sake ta da maganar ba. Ni kuwa, kunya ta ishe ni, amma halina bai bar ni ba. Wani lokaci ina tsaye a danja sai in ce anya kuwa? Wa ya ga ɗaki biyun nan? Shafi ɗaya na duba a zanen, shafin da ke samansa ban buɗe ba. Wataƙila akwai su, wataƙila a bakinsa aka gina su ranar. Muhandis yana da zanen farko, lambarsa tana wayata, kuma har yau ban kira shi ba.

Muna nan a Bani Malik, hawa na huɗu. Kullum da safe ina tafiya Abhur, in buɗe babbar ƙofar nan, iskar teku ta buso ta bi ta kan mota. Matata yanzu sau uku take zama a matakala. Labulen da ta saya yana cikin akwati. Kwanan baya wata maƙwabciya ta tambaye ta ina maganar ƙaura, ina ji ta ce, tana haki, "Ai maigidana ne ya fara ganin ruwan. Ba don shi ba da yanzu muna cikin rami."