Jan Fentin da Aka Shafa a Ɗakin Haihuwa

Ranar da 'yata ta fari ta fara naƙuda, da hantsi na kai ta wurin nas ɗin unguwarmu a Ƙofar Wambai, wata dattijuwa Kirista da duk muke kira Mama. Izinin ɗakin shan magani kawai gwamnati ta ba ta. Da mata suka yi mata yawa sai ta ƙara ɗaki mai gado biyu, ta kai takardar neman izini, ta yi ta sintiri har ta gaji.

Muna ciki sai ga ma'aikatan gwamnati uku. Ɗaya ya tsoma buroshi a jan fenti ya zana gicciye da wani rubutu a bangon sabon ɗakin. Mu kuwa a garin nan jan fenti a bango rusau yake nufi.

"Za su rushe da mai naƙuda a ciki!" in ji wani mahauci.

Kafin ka ce me, layin ya cika. Aka fasa gilashin motarsu. Mai fentin ya sha gora a ƙeya, ya faɗi cikin kwata, ana tattaka shi, jini da fenti sun cakuɗe ba ka bambance su. Na fito na matsa jikin bangon ina haɗa baƙaƙen rubutun ɗaya bayan ɗaya, yadda aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci: a da-ka-ta da ai-ki. Babu rusau a ciki.

"Bayin Allah, ba rushewa ba ne," na ce. Muryata ba ta taɓa tsallake zaure ba, balle ranar.

Mama ta fito tana ɗaga hannu. "Ku bari, 'ya'yana, za ku yi kisa!" Dutsen da aka jefo wa ma'aikacin ya same ta a wuyan hannu. Na ji ƙarar ƙashin.

Hanya ta toshe, ko keke ba ya shiga. 'Yata tana kirana daga ciki. Mama ta jingina da ƙofa, hannun yana reto, gumi na zuba.

"Hajiya, wanke hannunki da sabulu, har gwiwar hannu."

"Mama, ban iya ba."

"Shida kika haifa, ke ce ba ki iya ba? Shiga!"

Tana faɗa ina yi, tana cije leɓe. Jaririyar ta zo cibiya naɗe a wuya. Mama ta ce in zura yatsa in zare ta ta kai, a hankali. Na zare. Sai da na shafa bayanta sau uku kafin ta tsala kuka.