Kwanon da Na Bari a Ƙasa

Yayana ya shekara goma sha tara yana gadin wani shagon katako, kuma in ka cire ni, babu mai kiransa da komai sai Mai-Kwano-Biyu. Kafintocin da ke zuwa sayen katako ne suka laƙa masa sunan don tsokana, shi kuwa yana amsawa har da murmushi. Mutum ne siriri mai sanyin magana, wanda in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya fara ba ka tarihin agogon. Ni direba ne, gaggawa a jinina take, don haka mun sha faɗa a kan wannan sanyin jiki nasa.

Kwanonin na karnukansa ne. Babban, Tirela, kansa yana kaiwa ƙuguna. Mai shagon ne ya karɓo shi daga hannun wani mugu da ya riƙa ɗaure shi da yunwa, wai don ya yi zafi. Ƙaramar, Ashana, da kaɗan ta fi kyanwa girma. Matar Yaya ce ta tsinto ta a kwata, ta kawo ta cikin kwalin sabulu, wata huɗu kafin ta rasu. Allah bai ba su haihuwa ba. Yaya bai taɓa faɗa da bakinsa ba, amma kowa ya san matsayin 'yar karyar nan a zuciyarsa.

Shekara shida karnukan suna kwana tare a kan garin katako. Ashana ta tauna kunnen Tirela, ta hau bayansa, shi ko motsi ba ya yi. Amma da biyar na yamma ta yi, sai Yaya ya raba su. Ya kai Tirela ɗakin ajiye zarto, ya ajiye masa shinkafa da ƙashi, ya ja ƙofar kwano ya sa sakata. Ashana ta ci nata a kan bencin kafinta, yana tsaye a kanta. In sun gama, ya shiga ya ɗauko kwanon Tirela, ya wanke duka biyun a famfo, ya rataye su a ƙusa sama da tsayin mutum, sannan ya buɗe ƙofa. Ran da na fara ganin haka na ce, "Yaya, baƙi ne daga ƙasar waje?" Ya ce, "Auta, wanda ya taɓa kwana da yunwa ba ya mantawa. Tirela yana son ta, amma in ya ga kwano ba ya gane kowa."

Da aka kwantar da shi asibiti za a yi masa aiki a ciki, ni ya kira. Yana kwance, an saka masa ruwa a hannu, amma sai bayanin abincin kare yake yi mini dalla-dalla, ni kuwa ina duba wayata.

"Ka ɗauke kwanon kafin ka buɗe ƙofa," ya ce.

"Na ji, Yaya."

"Ko babu komai a ciki."

"Haba Yaya, na ce na ji! Motar mutum goma sha takwas nake ja, kare biyu ne za su gagare ni?"

Kwana uku na yi yadda ya ce. Rana ta huɗu na zo a gurguje, fasinja na jirana a tasha. Na raba su, na sa sakata, kowa ya cinye nasa tas. Na leƙa na ga kwanon Tirela ya sha lasa har yana ƙyalli. A raina na ce wannan wanki da ratayewa tsabar tsaftar Yaya ce kawai. Na buɗe ƙofa, na juya ina neman makullin mota.

Ashana ta diro daga benci tana kaɗa bindi, ta shige ta kai hanci cikin kwanon. Gurnani ɗaya na ji. Kafin in rarumi katako, Tirela ya cafke ta a wuya, ya girgiza sau biyu, ya saki. Ko kuka ba ta yi ba. Abin da har yau yake hana ni sakat shi ne yadda ya dawo yana shinshinarta, yana tura ta da hanci, yana jira ta tashi ta ja masa kunne.

Na binne ta a bayan shago. Shi kuma na jibge shi har hannuna ya gaji, na ɗaure shi a turken ƙarfe, kwana biyu ban ba shi ko ƙwayar shinkafa ba. Haushin kaina nake ji, na huce a kansa.

Ran da na koma asibiti na shirya ƙarya tun daga mota, cewa babur ne ya buge ta. Ina zama a bakin gado Yaya ya kalli fuskata, ya ce, "Ka bar kwanon a ƙasa." Na sunkuyar da kai. Ya juya fuska bango, ya daɗe, kafaɗarsa tana rawa. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ran da matarsa ta rasu, sai ran nan. Da ya juyo, tambayarsa ta farko ita ce, "Tirela ya ci abinci?" Na faɗa masa gaskiya. Ya ce, "Yunwa ta mai da shi haka, kai kuma ka ƙara masa. Tashi ka je ka ba shi yanzu."

Bayan mako biyu aka sallame shi, na kai shi shago da kaina. Biyar na yi ya tashi da ƙyar, yana dafe da ɗinkin cikinsa, ya sauko da kwanoni biyu, ya zuba a duka biyun. Sai da ya isa bencin kafinta ya tuna. Ya tsaya da ƙaramin kwanon a hannu, bai san inda zai ajiye ba.

Na ce, "Yaya, ka yafe mini. Minti ɗaya kawai na juya."

Ya ce, "Na yafe, Auta." Sannan ya ce, "Ka tuna muna yara, mu bakwai a kwano ɗaya, kai ne ɗan mitsitsin cikinmu? Ka taɓa ganin na juya maka baya kafin ka ƙoshi?"

Ban taɓa gani ba. Shi ne yake riƙe hannun manya har in cika cikina, sau da yawa ya tashi bai ci komai ba, kuma sai ran nan na tuna. Na karɓi kwanon daga hannunsa, na juye abincin, na wanke shi a famfo, na rataye a ƙusar. Yau shekara biyu yana nan a wurin, Yaya bai yarda an sauke shi ba.